Wa Ya Halicci Zanzaron Da Ke Cin Tsutsa Da Ranta?

Kowace shekara a Mako Mai Tsarki Bishop yakan tara firistocinsa a babban coci ya tsarkake mai iri uku, watau man masu shirin baftisma, da man marasa lafiya, da man Krisma. Daga nan kowane Fada ya ɗauki rabonsa ya koma wurin jama'arsa. Da man nan ake shafa wa jariri ranar baftisma, da shi ake shafa goshin matasa ranar Tabbatarwa, da shi ake shafa hannuwan sabon firist, da shi kuma ake sallamar tsohon da ke kan gadon mutuwa. Bisa ga al'adar Ikilisiya man zaitun ne, ko da yake tun shekarun 1970 an yarda a yi amfani da man wani tsiro a inda zaitun ya yi wuyar samuwa. Zaitun ba itacen da muka saba gani ba ne a ƙasar Kano, amma ta hanyar man nan ya shiga gidan kowane ɗan Katolika.

To, itacen nan yana da abokin gaba, wani ɗan ƙuda wanda bai kai ƙudan gida girma ba. Masana suna kiransa Bactrocera oleae. Macen takan huda ɗan zaitun ta saka ƙwai a ciki, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi ta ci tana haƙa rami har ɗan itacen ya ruɓe ko ya faɗo kafin lokacinsa. In an matse irin wannan, man yakan yi tsami ya rasa daraja. Manoman Italiya da Girka da Sifen sun daɗe suna fama da shi. A 2014 ya taimaka wajen lalatar da amfanin zaitun a Italiya, a 1998 kuwa aka fara ganinsa a jihar Kaliforniya ta Amurka.

Shi ma ƙudan yana da nasa abokin gaba. Akwai waɗansu ƙananan ƙwari, dangin zanzaro da rina, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ba su kuma harbin mutum. Macen takan sauka a kan ɗan zaitun ta lalubi inda tsutsar take, ta zura wata siririyar allura da ke bayanta ta cikin ɓawon, ta saka ƙwanta a cikin jikin tsutsar. Tsutsar ba ta mutuwa nan take. Takan ci gaba da ci tana ƙiba, ɗan zanzaron yana cikinta yana jira, sai ta naɗe kanta a kwanso domin ta rikiɗa ta zama ƙuda, sa'an nan ya cinye ta daga ciki. Ranar da kwanson ya fashe, zanzaro ne ke fitowa maimakon ƙuda. Abin mamaki, wurin da aka fi samun ire-iren waɗannan ƙwari shi ne nan nahiyarmu, inda zaitun na daji ke tsirowa a Kenya da Afirka ta Kudu. Tun a 1912 wani masani ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya zaga ƙasashen Afirka yana neman maƙiyan ƙudajen 'ya'yan itace. A zamaninmu kuma an ɗauki wani iri mai suna Psyttalia lounsburyi daga Afirka an sake shi a gonakin Kaliforniya. Bai kawar da ƙudan ba, kamar yadda ɗan'uwansa da aka sha sakewa a Italiya bai kawar da shi ba, amma ya kama zama a waɗansu wurare na bakin teku yana rage ɓarna.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasar Turawa ne. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a kusurwar ɗaki ko a bayan ƙofa ya ga abin da ke ciki: tsutsotsi ko gizo-gizo a jere, ba su mutu ba, ba su kuma iya motsi. Uwar ce ta harbe su ta shanye musu jiki, ta ajiye wa ɗanta abinci wanda ba zai ruɓe ba, gama nama mai rai ba ya wari. Kuma duk wanda ya sayi mangwaro a 'Yan Lemo ko a Yankaba, ko ya tsinci wanda ya faɗo daga tsofaffin itatuwan Nassarawa, ya yanka ya tarar da farar tsutsa a ciki, ya gamu da aikin dangin ƙudan zaitun. Mafi ɓarna a cikinsu baƙo ne daga Asiya, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru kaɗan ya mamaye Afirka ta Yamma. Shi ma an nemo masa zanzaronsa, mai suna Fopius arisanus, wanda cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta kawo daga Hawayi. Wannan bai ma jira a ƙyanƙyashe tsutsar ba, a cikin ƙwan ƙudan yake saka nasa.

Tambayar da nake so mu duba ita ce wannan: Allah mai ƙauna da jinƙai, wanda Littafin Farawa ya shaida cewa ya dubi dukan abin da ya yi ya ga yana da kyau, shi ne ya halicci ƙwaron da ba shi da hanyar rayuwa sai ta cin wani da ransa?

Ba ni na fara yin tambayar ba. A watan Mayu na 1860 Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya rubuta wa abokinsa Asa Gray wasiƙa. Shi Gray masanin tsirrai ne a Amurka, Kirista ne kuma mai riƙe da bangaskiyarsa. Darwin ya gaya masa cewa bai yi nufin musun Allah ba a littafinsa, amma ya kasa rinjayar zuciyarsa ta yarda cewa Allah nagari mai iko duka zai ƙirƙiro irin waɗannan ƙwari da gangan domin su ci tsutsa daga ciki tana da rai. Ya haɗa da kyanwa mai wasa da ɓera kafin ta kashe shi. Ya kamata mu tuna cewa mutumin nan ya rasa 'yarsa mai shekara 10 a 1851. Wanda ya tsaya a bakin kabarin ɗansa yana da ikon yin tambaya, kuma bai kamata a amsa masa da raini ba. A ganina yawancin waɗanda ke tambaya a kan wahalar dabba, wahalar kansu ce ke cin su, sun dai ji nauyin faɗinta kai tsaye ne.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai Allah ya yi zanzaron ne domin amfaninmu. Kuma lalle akwai gaskiya mai yawa a nan. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da burbushin auduga ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu ya faɗa wa rogo. An fara ganinsa a yankin Kwango a 1973, ya bazu har ya iso Nijeriya, a waɗansu gonaki yana cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin. Rogo kuwa abincin miliyoyin mutane ne, ciki har da yawancin masu karanta wannan takarda. Wani matashin masani ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, wanda ya zo aiki cibiyar IITA ta Ibadan a 1979, ya ƙi yarda da a yi wa rabin nahiya feshin guba. Shi da abokan aikinsa suka bi sawun ƙwaron har ƙasar Faraguwe, inda aka sami ɗan zanzaron da ke cinsa. Bayan an gwada shi an tabbatar ba zai taɓa wani abu dabam ba, aka fara sakinsa kusa da Ibadan a 1981, daga baya har da jirgin sama ake watsa shi. Ya bazu a ƙasashe fiye da 20, annobar ta lafa, manomi bai biya ko kwabo ba. A 1995 aka ba Herren babbar lambar yabo ta duniya a kan abinci.

Ga kuma misalin da ya fi kusa da mu. Tun bayan farin shekarun 1970 manoman gero na Sahel suke kuka da wata tsutsa wadda ake kira murzuna a Nijar. Takan bi zangarniya tana kewayawa tana yanke tsabar, a bar wa manomi kara da ƙaiƙayi. Tun wajen 2006 masanan cibiyar INRAN ta Maradi, tare da na Burkina Faso da Mali, suka koya wa ƙauyawa dabara mai sauƙi. Ana zuba ɗan gero a ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsar asu a ciki tare da matan wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, a rataye buhunan a itatuwan da ke kewaye da gari lokacin da gero ke fid da kai. Cikin kwanaki kaɗan 'ya'yan zanzaron su fito ta ramukan buhun su bazu cikin gonaki suna neman murzuna. Wannan zanzaron ɗan ƙasa ne, da ma yana nan, taimaka masa kawai aka yi ya yi yawa a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Duk wannan abin godiya ne. Amma bai amsa tambayar ba, kuma kada mu ruɗi kanmu cewa ya amsa. Na farko, iyalin ƙwarin da Darwin ya ambata kaɗai suna da iri fiye da 20,000 da aka riga aka raɗa wa suna, kuma mafi yawansu ba ruwansu da gonar kowa. Akwai masu cin ƙwarin da ke amfanar mu, akwai ma zanzaron da aikinsa shi ne saka ƙwai a cikin ɗan zanzaron da ke cikin tsutsa. Na biyu, an sami gawarwakinsu a cikin daskararren ƙaro mai shekara wajen miliyan 100, tun babu manomi babu gero. Wanda ya ce dukan wannan domin rumbunsa aka yi, ya mai da kansa cibiyar halitta, wurin da ba nasa ba. Ga shi kuma mai shakka zai iya cewa, wanda ya yi maganin ai shi ya yi cutar, da bai halicci ƙudan ba wa zai nemi zanzaro?

Waɗansu kuwa sukan ce zunubin Adamu ne ya jawo wannan duka, kafin faɗuwa zaki ciyawa yake ci. Ana jin wannan a wa'azi da yawa, amma Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙi shi. Ya koyar da cewa zunubin mutum bai sāke halittar dabbobi ba, mai cin nama da ma can mai cin nama ne. Ya faɗi haka ƙarnuka kafin a tono ƙasusuwan da suka nuna cewa mutuwa da farauta sun riga mutum zuwa duniya. Zunubi ya ɓata zuciyar mutum, ya ɓata dangantakarsa da ƙasa, amma ba shi ya ƙera allurar zanzaro ba.

A nan ne ya kamata mu saurari Waliyi Agustin, wanda mu mutanen Dayosis ta Kano muke da dangantaka ta musamman da shi, tun da Bishop Patrick Sheehan da Bishop John Namaza Niyiring wanda ya gaje shi a 2008 dukansu 'ya'yan ƙungiyarsa ne. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ƙasar zaitun. Ya yi wajen shekara tara yana bin ɗarikar Mani, masu cewa iko biyu ne ke mulkin duniya, na haske da na duhu, kuma miyagun ƙwari aikin duhu ne. Wannan koyarwa tana da daɗin ji, domin tana wanke Allah daga zargi. Amma farashinta shi ne a ce akwai wani yanki na duniya da Allah ba shi da iko a kansa. Da Agustin ya tuba sai ya amsa musu da misali. Ya ce jahili ya shiga maƙera ya ga kayan aiki iri-iri, bai san amfaninsu ba sai ya ce tarkace ne, in kuwa ɗaya ya yanke shi ko ya ƙone shi sai ya ce mugun abu ne, alhali maƙerin ya san aikin kowanne. Ya kuma faɗa a fili cewa shi kansa ba zai iya bayyana dalilin halittar ɓera da kwaɗo da ƙuda da tsutsa ba, sai dai ya ga kowannensu yana da tsari da ma'auni a jikinsa wanda ke shaida Mahalicci.

Daga gare shi da Akwinas Ikilisiya ta gaji wani bambanci wanda ya kamata kowane katekist ya riƙe. Akwai mugunta, akwai kuma hasara. Mugunta tana fitowa ne daga zuciyar da ta san nagarta ta juya mata baya. Hasara kuwa ita ce lalacewar wani abu domin wani ya rayu, kamar yadda ƙwayar gero ke ruɓewa a ƙasa kafin ta tsiro. Zanzaro ba ya ƙin tsutsa, ba ya jin daɗin wahalarta, ba shi da zaɓi. Uwa ce tana tanadi domin 'ya'yan da ba za ta taɓa gani ba. In muka kira ta azzaluma, mun ɗora mata laifin da mutum kaɗai ke iya yi. Game da ko tsutsa tana jin zafi irin wanda muke ji, masana sun rabu, waɗansu suna ganin motsin jiki ne kawai, waɗansu suna ganin akwai abin da ya fi haka. Ko da wane ɓangare ne ke da gaskiya, tambayar ba ta mutu ba, gama barewa a bakin zaki babu mai shakkar tana jin zafi.

Me ya sa Allah bai yi duniyar da babu hasara a cikinta ba? Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya yi wannan tambaya da kansa a sashe na 310. Ya yarda cewa Allah yana da ikon yin abin da ya fi wannan, amma cikin hikimarsa ya zaɓi ya yi duniya mai tafiya a kan hanya zuwa ga cikarta, inda waɗansu ke bayyana waɗansu ke shuɗewa, gini da rushewa suna tafiya tare. Manzo Bulus a Romawa sura 8 ya kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda. Ku lura, bai ce zafin ƙarya ne ba, bai kuma ce yana da daɗi ba, ya ce dai akwai haihuwa a gabansa. Haka nan da Ayuba ya nemi bayani, Ubangiji bai ba shi dalilai ba, sai ya zaga da shi cikin halitta daga sura 38 zuwa 41, ya nuna masa zakanya da hankaka da jimina da gaggafa mai ciyar da 'ya'yanta da jini, duk abubuwan da ke rayuwa ba da izinin Ayuba ba, ba kuma domin amfaninsa ba. Ni dai ina ganin wannan ya fi gaskiya da girmama mai tambaya fiye da amsoshin da ke rufe baki da sauri. Kuma mu Kirista muna da abin da Ayuba bai gani ba. Allahn da ake tuhuma bai tsaya daga nesa yana kallo ba. Ya ɗauki jiki mai jin zafi, a daren da za a bashe shi kuma ya durƙusa a gonar Getsamani, wadda ma'anar sunanta ita ce wurin matsar man zaitun.

Akwai wani haɗari a ɗaya gefen, wanda ya fi damuna a matsayin makiyayi fiye da shakkar masana. Wani zai dubi halitta ya ce, to ai haka duniya take, kashin dankali ce, babba ya danne ƙarami, kifi na cin kifi, ni ma bari in ci rabona. Mun san mai ba da bashin buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu ko uku da kaka. Mun san mai gidan haya da ke ƙara kuɗi duk shekara a Badawa domin ya san ɗan haya ba shi da wurin zuwa, da uwar gidan da ta ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta ta mai da ita baiwa. Dabarar waɗannan mutane daidai take da ta zanzaro: ba sa kashewa nan take, sukan bar mutum da ɗan numfashi domin su daɗe suna ci. Bambancin shi ne zanzaro ba zai iya yin wani abu dabam ba, su kuwa suna iyawa. Halitta tana nuna mana yadda abubuwa ke gudana, ba ta ba mu doka ba. Dokar da aka ba mu tana cikin Kubawar Shari'a sura 24, inda aka hana karɓar dutsen niƙa jingina domin shi ne ran mai shi, aka kuma umarci mai gonar zaitun da kada ya koma kakkaɓar rassan sau biyu, abin da ya rage na baƙo ne da maraya da gwauruwa.

Har wa yau, in zanzaro yana da matsayinsa a cikin tsarin Allah, to akwai alhaki a kanmu game da yadda muke watsa guba. Maganin feshi ba ya tambayar sunan ƙwaro. Sau da yawa ya fi saurin kashe ɗan zanzaron da ke yawo a fili fiye da tsutsar da ke ɓoye cikin ɗan itace, sai manomi ya ga ɓarna ta ƙaru bayan feshi, ya ƙara sayen magani. Gubar kuma ba ta tsayawa a gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, waken da muke ba 'ya'yanmu ke nan. A shekarar nan ce Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya tunatar da cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Allah ko da ba ta da amfani a kasuwa, ya ambaci har tsutsotsi da ƙananan ƙwari. Ban ce a daina magani sam ba, gama akwai shekarar da fara ko tsutsa za ta zo babu makawa sai an yi feshi. Ban kuma ce duk halittar da aka ɗauko daga wata ƙasa alheri ce ba. A 1935 an kai wani babban kwaɗo Ostareliya domin ya ci ƙwarin rake, sai ya bar su ya zama annoba har yau. Shi ya sa aikin rogo ya bi ta gwaji kafin saki.

Masu itacen mangwaro ko gwaba a gida, da masu kula da harabar coci da makarantunmu, akwai abin da za ku iya farawa da shi a wannan shekara. Tsutsar ƙudan takan fita daga ɗan itacen da ya faɗo ta shiga ƙasa ta rikiɗa, saboda haka barin ruɓaɓɓen mangwaro a gindin itace kiwon ƙuda ne. A riƙa tsince shi ana binnewa a rami mai zurfi, ko a ɗaure shi cikin baƙar leda a bar shi a rana. Masana sun kuma ƙera wata 'yar rumfa rufaffiya da ake zuba ruɓaɓɓun 'ya'yan itace a ciki, an yi mata taga da raga mai ƙananan idanu. An auna idanun ragar daidai yadda ƙudan da ya ƙyanƙyashe ba zai iya fita ba, amma ɗan zanzaron, da yake ya fi shi ƙanƙanta, ya ratsa ya koma kan itacen.